Rabo Sambo da Raket ɗin Mai Igiya

Rabo Sambo mutumin wani ƙaramin ƙauye ne tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa. Gidansu gidan masu tsirkiya ne. Kakansa ke murɗa wa mahalban wajen tsirkiyar baka, ubansa ya ƙara da haɗa goge da gurmi saboda ƴan bori, shi kuma ya tashi ya tarar da wuƙar yankan fata a soke a jikin danga, ya ɗauka. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana. In ana yi masa zance sai ya karkata kai gefe guda, kamar yadda yake yi in yana gwada muryar goge.

Sana'ar ba ta ciyar da gida. Gona ke ciyarwa, wadda uban ya bar masa a gindin tudu, jigawa ce mai gawo a kusurwarta ta yamma. Shi kaɗai ne namiji a gidan. Akwai tsohuwarsa da idonta ya fara hazo, akwai matarsa Altine da goyon ɗiya mace. Iyakar gonar ta gabas kuwa ta Baba Umaru ce, ƙanin ubansa, mutum mai ƴaƴa maza da yawa da ƙasa kaɗan.

A shekarun nan, kafin babban yaƙin Turawa na biyu, ana fitar da hanyar mota, kuma da wuyan talakawa ake fitar da ita. Gardi, wato dogarin Nasara, ya zo ya gaya wa mai gari yawan mazan da ake so, mai gari ya bi gida-gida. A ranin wata shekara abin ya faɗo kan Rabo. Altine ta ɗaure masa gumba a tsumma. Tsohuwa ta laluba ta kama hannunsa ta ce, "Ka dai komo kahin ruwa shi sauka." Abin da ake gaya wa duk mai tafiya aikin tilas ke nan, domin wanda ruwan shuka ya tarar a bakin hanya, shekararsa ta tafi.

Aikin ɗaukar marmara ne a kwando daga rami zuwa hanya, a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe. Gammo ya cinye wa Rabo gashin tsakiyar kai, yatsunsa da suka saba da aiki mai laushi suka tsattsage. Baturen da ke kula da aikin ba wanda ya riƙe sunansa. Mai Igiya ake ce masa, saboda wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli da yake sa a ja masa in yana awon hanya. Gidansa na bayan gari a gindin dutse, kukun gidan kuwa Jibo ne, ɗan kawun Rabo, wato taubashinsa. Jibo gajere ne mai tumbi, ya yi boyi a Yamai ya tsinto Faransanci.

Wata rana da hantsi Jibo ya zo bakin ramin ya tsaya yana kallon masu fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan mace, kai ne haka? Na ɗauka jaki ne aka sa wa wando."

Rabo ya gyara kwando a ka. "Sannu da inuwa, ɗan namiji. Ka ƙara faɗi. Tukunyar Nasara ba ta da murfi ne?"

"Aje kwandon ga ka biyo ni, na yi magana da gardi. Awaki sun cinye wa Madam raga."

Madam matar Mai Igiya ce, ba ta daɗe da zuwa ba. Zafi ya hana ta fita, ba ta da abokin hira, mijin kuma kullum yana daji. Abin da ya rage mata shi ne wani wasa da ta zo da kayansa a akwati. Turawa na ce masa badminton, ma'aikatan gidan suna cewa wasan bolan. Bolan ɗin wani ɗan abu ne marar nauyi mai kai kamar toshiyar kwalba, an soke masa fararen gashin tsuntsu. Ana ɗaura raga tsakanin sanda biyu, mutum biyu su tsaya nan da can, kowa da raket a hannu, wato abin bugu mai ƙota da fuskar saƙaƙƙiyar tsirkiya, su yi ta mayar wa juna shi kada ya taɓa ƙasa.

Rabo ya nemi rama ya murɗa zare, ya cike ragar kafin rana ta yi sanyi. Madam ta bi ɗinkin da yatsa ba ta gane inda sabo ya haɗu da tsoho ba. Da mijin ya dawo ta roƙe shi ya bar mata mutumin, ya riƙa share filin, yana yayyafa masa ruwa, yana ɗaura raga. Mai Igiya ya yarda. Ya ce kwanakinsa a gidan za su shiga cikin na hanya, kuma in ruwa ya sauka yana iya zuwa ya yi shuka da noman farko ya dawo.

Rabo ya ja Jibo bayan ɗakin girki. "Shi ya hwaɗi haka, ko kai ka ƙara?"

"Da kunnena na ji. Kai dai riƙe tsintsiyarka da kyau, kada ka taka wa kowa ƙafa."

Ba a jima ba Mai Igiya ya sake tafiya daji. Madam ta gaji da buga bolan sama tana tarewa ita kaɗai. Ta fito da raket uku ta jera a kan teburin baranda, ta kira Rabo, ta ce ya zaɓa. Ya goge hannu a wando. Ya ɗaga kowacce ya jinjina, sannan ya ɗauki wadda ta fi nauyi da kaurin mariƙi, domin haka aka koya masa zaɓen ƙotar gatari: a ɗauki wadda ta cika hannu, wadda za ta daɗe. Ya riƙe ta da ƙarfinsa duka ya shiga fili. Bolan ya taho, ya kai masa sara, bolan ya wuce ta gefen kunnensa ya sauka a hankali. Haka aka yi ta yi har dantsensa ya ƙage.

Jibo na tsaye a ƙofar ɗakin girki da ludayi. "Itace ka zo sarewa ne, ɗan mace? Bar wa Madam tsuntsunta da rai."

Madam ta yi dariya har ta dafa sandar raga. Jibo ya ce tun zuwanta bai taɓa jin dariyarta ba.

Washegari ba ta bari ya shiga fili ba. Ta zaunar da shi a bakin baranda, ta sa Jibo ya tsaya tsakani yana juya magana. Ta ɗora raket ɗin da ya zaɓa jiya a kan yatsa ɗaya, a tsakiyar ƙota, kan ya rinjaya ƙasa. Ta ce wannan ta mai ƙarfin kafaɗa ce, mai son buga bolan daga sama ya faɗo kamar jifa, amma tana da nawa wajen juyawa. Ta ɗora ta biyu, mariƙin ya rinjaya. Wannan ta mai wasa kusa da raga ce, mai saurin hannu. Ta uku ta tsaya a kan yatsan ba ta karkata ko'ina ba.

"Ta ce wagga ta wanda bai san inda ya dosa ba ce," in ji Jibo. "Taka ke nan."

Ta sa ya riƙa kowacce. Ta ce in ya dunƙula hannu, a samu gurbin yatsa ɗaya tsakanin kan yatsunsa da tudun tafinsa. In mariƙi ya yi kauri wuyan hannu ba ya juyawa, in ya yi siriri sai mutum ya yi ta matsewa har ya gaji. Ta ce kada ya shaƙe ta, ya riƙe ta kamar yana gaisawa da mutum. Ta dafa kan raket da mariƙi ta ɗan lanƙwasa ƙotar. Mai laushi tana taimakon mai ƙaramin ƙarfi ta tura masa bolan nesa, mai tauri sai wanda bugunsa ya nuna.

Daga ƙarshe ta buga fuskar raket a tafin hannunta. Nan Rabo bai jira Jibo ba. Ya karkata kai. Kowacce da muryarta: mai nauyin nan muryarta a ƙasa take, a sake, ta biyun tana da ƴar ƙara, ta ukun tana tsakani. Ya karɓa ya buga da kansa, ya ja tsirkiya ɗaya da farce ya saki. Madam ta ce wadda tsirkiyarta ke sake tana yafe kuskure, wadda aka ɗaure tamau tana kai bolan inda aka nufa, amma sai an same shi a tsakiya. Rabo ya gyaɗa kai tun Jibo bai gama ba. Ya ɗauki ta ukun, mai koren zare da ya fara warwarewa a wuya. Da ita ya yi wasa duk sauran ranin, kuma ya iya.

Iyawar ba ta zo masa da daɗi ba. Hanyar da ƴan aiki ke bi su koma zangonsu da yamma ta bayan gidan take. Sukan wuce a jere, jajaye da ƙasa, wasu na ɗingishi, su tarar da shi yana tsalle a fili mai laima. Cikinsu akwai Habu, ɗan ƙauyensu, wanda suka yi kiwo tare suna yara.

"Rabo, an kama tsuntsun ko har yanzu?"

"A gaida abokin wasan Madam. In ka gaji ka zo mu ba ka kwando ka huta."

Rabo yakan sunkuya kamar yana neman bolan a ƙasa har su wuce. Ko ragowar abincin gidan ba ya yi masa daɗi. Amma yakan tuna gonar, ya tuna Altine da goyo da sungumi, sai ya haɗiye. Kullum da la'asar yana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa.

Akwai raket ta huɗu a gidan, ta Mai Igiya, wadda ba mai taɓawa sai shi. Jibo ya ce ta ubansa ce, da ita tsohon ya yi wasa har ya mutu. Itacenta ya yi duhu, mariƙinta ya yi sulɓi. In an gama wasa akan sa kowace raket tsakanin katako biyu masu kusoshi a murɗe su tamau. Rabo ya ɗauka kube ne, irin na takobi, don kada abu ya karce ta. Ba wanda ya gaya masa katakon ne ke hana kan raket karkacewa, domin ba wanda ya yi zaton akwai mai buƙatar a gaya masa.

Bazara ta kai ƙarshe, zafi ya yi zafi. Wata yamma Mai Igiya na wasa da matarsa, ya kai wa bolan bugu daga sama, tsirkiyoyin tsakiya suka tsinke. Ya tsaya yana duban ramin. Ran Lahadi wani Bature zai zo daga Doso, wanda ya taɓa cinye shi a wasan, sabuwar tsirkiya kuwa sai an aika ƙasarsu ta biyo jirgin ruwa. Jibo da ke kawo ruwan sha ya ga wurin gwaninta. Ya nuna Rabo ya zuba Faransanci, ya ce ai mutumin nan tun kakanninsa tsirkiya suke yi, ko sarakuna gidansu suke aikawa.

Mai Igiya ya miƙa wa Rabo raket ɗin. Rabo ya juya ta, ya bi ƴan ramukan gefenta da ido, ya ga yadda zaren ya shiga ya fita. Ba wani abu ba ne mai wuya, saƙa ce irin ta gadon fata, sai dai idanunta ƙanana ne. Yana iya cewa a'a. Amma wata da watanni hannunsa bai taɓa aikinsa na gado ba, kuma ya ji yatsunsa na motsi. Ya ce zai iya.

Ya ga tsohuwar tsirkiyar ta hanji ce, an busar an goge ta yi santsi, aikin da bai san yadda ake yinsa ba. Sai ya koma ga wanda ya sani. Ya karɓi ɗanyar fatar ɗan akuyan da Jibo ya yanka, ya aske gashin, ya bi ta da wuƙa zagaye-zagaye yana fitar da zare siriri har ya kai tsakiya. Bai taɓa yanka mai sirantaka haka ba. Ya bar shi ya kwana a ruwa, da safe ya murɗa. A gidansu haka ake yi tun fil azal: a jiƙe ake ɗaura tsirkiya, a ja ta iyakar ƙarfi, sannan a ba rana ta ƙarasa, domin fata in tana bushewa tana tsukewa. Haka ake wa baka, haka ake wa fatar goge a kan ƙwarya.

Ya zauna a inuwar ɗakin girki ya kwance tsohon zaren duka. Ya zura na tsaye tukuna, sannan na kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kowanne sai ya naɗe shi a ɗan kara ya ja, ya toshe ramin da tsinke, ya taɓa da farce ya saurara, har muryoyinsu suka zo ɗaya. Jibo ya leƙo ya same shi yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da bai ji ya yi ba tun zuwansa. Da ya gama ya ɗora raket ɗin a kan rufin ɗakin girki inda rana ta fi bugu. Katakon nan biyu ya bar su a baranda, don in ya sa su za su tare wa fatar rana.

Da azahar ya sauko da ita ya buga a tafinsa. Muryar ta fita tas, ta fi ta sauran ukun tsayi da tsabta. Ya kira Jibo ya ji.

"To, ɗan mace, ashe kana da amfani. Kai ta ciki."

"Gefen bai bushe ba. Bari ta ƙara shan rana kaɗan."

Da la'asar ya hau ya ɗauko ta, ya tarar kan ya murɗe kamar busasshen ganye. A kafaɗa ɗaya itacen ya buɗe. Sai a lokacin ya ga ashe ba itace ɗaya ba ne kamar baka. Ɓawo-ɓawo ne sirara aka lanƙwasa aka manne, kuma fatar ta ja su har mannin ya saki. Ya tsoma ta a randa, ya yanke zaren duka, ya sa ta cikin katakon ya murɗe kusoshin. Da ya kwance tana nan yadda take.

Jibo ya daɗe yana kallonta. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Ni na kai ka."

Mai Igiya ya dawo gab da magariba. Rabo ya durƙusa ya ajiye raket ɗin a gabansa. Baturen ya ɗauka ya shafa inda ta tsage da babban yatsa, ya sake shafawa. Bai yi tsawa ba, bai kira gardi da bulala ba. Ya yi magana mai tsawo a hankali, idonsa a kan itacen. Madam ta ce wani abu daga bakin ƙofa, ya amsa mata bai waiwaya ba, ta koma ciki.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ka koma hanya gobe."

"Shukar hwa?"

Jibo ya dubi ƙasa. "Ba ni iya tambaya yanzu, Rabo."

A makon nan aka tashi ƴan aiki aka nufi yamma da su, can wajen Doso, inda ruwan bara ya yanke hanya. Suna cikin tafiya hadari ya taso ta bayansu. Ruwan ya zuba sosai, irin wanda ake fita shuka washegarinsa. Ba wanda ya nemi mafaka. Bayan haka wasu suka sulale suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Rabo bai bi su ba, domin ya san gidan wanda ya gudu gardi ke sauka, gidansa kuwa ba kowa sai mata. Aka riƙa sallamar mutane kashi-kashi. Da aka zo kansa sai aka ce kwanakin da ya yi a gidan Bature ba su cikin lissafi. Bai ga ƙauyensu ba sai da aka fara yankan hatsi.

Ta gona ya bi kafin ya shiga gida. Ya yi zaton ciyawa zai tarar, sai ya tarar da hatsi ya yi kyau tun daga iyakar gabas har kusa da gawo, ƴaƴan Baba Umaru suna ciki suna ɗaurin damma. A gindin gawon ne kawai aka ga ɗan wurin da Altine ta iya shukawa da goyo a baya, tsohuwa na bin ta da ƙwaryar iri. Baba Umaru na zaune a kan dami.

"Maraba, ɗana. Ka rame."

"Na same ku lahiya, Baba. Na ga an yi aiki."

"Ruwa ya sauka ba ka nan. In bar ƙasar ɗan'uwana ciyawa ta cinye? Na je na gaya wa mai gari kahin in sa yara."

Rabo ya san al'ada. Gonar dangi in ta zauna ba mai shuka, wanda ya shuka shi ke girbi. Bai yi gardama a kan wannan ba. Ya ce, "Baɗi hwa, Baba?"

Tsohon ya ciro zangarniya yana murzawa. "Allah shi kai mu. Ka ga yaran sun sha wuya. Har Hulani muka yi magana da su su sauka da shanu nan in an kwashe kara."

Rabo ya kai maganar gaban mai gari. Amma Habu ya riga shi dawowa, kuma duk ƙauyen sun ji cewa Rabo ya yi rani yana tsalle da matar Nasara sa'ad da ƴan'uwansa ke ɗaukar dutse. Mai gari ya saurare shi ya ce magana ce ta gida, a je a daidaita. Baba Umaru ya aiko da ƴan damma saboda zumunci. Ba su kai tsakiyar rani ba. Altine ta ɗauki ɗiyar ta tafi wurin iyayenta a Tibiri, tsohuwa ta koma cin tuwo a gidan Baba Umaru, Rabo ya tsallaka ƙasar Kabi yana murɗa igiyar guga a kasuwanni.

Ya dawo kafin ruwa ya sake tambayar gonar. Aka ce an riga an zuba taki, ya riƙe gindin gawo tukuna. Shekarar da ta biyo ma haka aka ce, kuma tsohuwarsa na cin abincin gidan, ba ya iya ɗaga murya. Altine ta dawo suka zauna a kan wannan kusurwa, damina a gida, rani a Kabi. Tsohuwa ta rasu. Aka hana aikin tilas, labarin ya sami Rabo a bakin wata rijiya a can Kabi, ya ce madalla ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Ɗiyar ta girma ta yi aure a Kore Mairuwa, shi da Altine kuwa ba su sake samun haihuwa mai rai ba.

Rabo ya rasu a farkon wata bazara, bai tsufa sosai ba. Altine ta gama takaba ta koma wurin ɗiyarta. Da ruwa ya sauka ƴaƴan Baba Umaru suka shuke gonar har gindin gawo.